Hular Kwanon Razak

Hular kwano ta farko da aka ba ni in gyara, kusa ɗaya ce kawai ta yi tsatsa a jikinta, amma ta cinye mini yini guda. Ku da kuke leƙowa kwantenar nan ranar Lahadi kuna cewa Baba Isa ya samu aikin hutu, wankin riga da rataye huluna, labarin wannan kusa nake so ku fara ji. Ita ce ke riƙe ƙarafan fuska ta wajen kumatu. Gumi da ruwan sama sun manne ta, in ka sa sukundireba sai ta juya har da mazauninta. Na ɗiga mai, na jira. Na kama bayanta da filaya, ta suɓuce ta yanke ni. Na ce to bari in gwada guduma. Mista Lennox, tsohon ɗan Jamaika da ke koya mini aikin, yana zaune a kan akwatin ƙwallaye yana shan shayi, sai ya ga gudumar a sama. Ya ce, "Ajiye. Kan ɗan wani ne a hannunka." Ya karɓa, ya sa ɗan zarto ya yanke kusar a hankali, ko fentin bai taɓa ba.

Asalina mai faci ne. Shekara goma sha ɗaya na yi a bakin titi a Kaduna a ƙarƙashin kawuna, da bahon ruwa da famfo, har na kai in na danna taya da yatsa na san iskar da ke ciki. Da na zo Landan, abin da na samu shi ne shara da ɗaukar kaya a wata koleji a Bloomsbury. A ɗakin ajiyarsu na fara ganin Mista Lennox, ya zazzage cikin wata hula a kan tebur, yana ta juya wata baƙar roba yana tsaki. Ashe hulunan nan akwai jakar iska a cikinsu, kamar tif ɗin keke da aka naɗe, ana hura ta da allura don ta kama kai. Tasa tana sacewa, ya rasa ta ina. Na jingine tsintsiya na ce ya ba ni. Na hura, na shafa miyau a bakin bawul, sai ga kumfa. Ya dube ni, ya dubi kumfar, ya ce me nake yi ranar Asabar.

Sana'arsa ke nan, kula da kayan masu buga ƙwallon Amurka: ƙungiyoyin ɗalibai lokacin sanyi, na 'yan gari idan rana ta fara fitowa. Kayan aikin duka ba su cika jakar hannu ba. Sukundireba biyu, filaya, zarto, tef irin na tela, famfon roba da bai fi lemon tsami girma ba, sai gwangwanin biskit cike da kusoshi. Na raina su ranar farko, kamar yadda kuka raina. Shekara biyu cur tsohon nan bai bar ni na sa wa ɗan Adam hula a kai ba. Kwancewa, wankewa, ɗaga ƙoƙon a hasken taga ina neman tsagar da ba ta kai silin gashi ba, iyakar aikina ke nan. Wani saurayi ya taɓa kawo hular da ya saya a intanet, ya fesa mata fentin mota don ta yi ƙyalli. Mista Lennox ya yaba launin sosai, sannan ya raba ta biyu da zarto a gabansa, domin irin wannan fenti cinye ƙarfin robar yake yi. Saurayin ya yi ta zagi har bakin get.

Wasan kansa ya daɗe bai shige ni ba. Ƙarti goma sha ɗaya a nan, goma sha ɗaya a can, su yi karo na daƙiƙa biyar, alƙali ya busa, sai su koma su haɗa kai suna ƙus-ƙus kamar masu gulma. Mista Lennox ya ce in daina kallon fili, in kalli huluna, su za su koya mini. Gaskiyarsa kuwa. Hular manyan ƙartin da ke layin gaba, goshinta duk ƙananan ƙarce ne, domin kullum daga taku ɗaya suke karo. Ta mai jefa ƙwallo kusan sabuwa ce, sai a ƙeya, inda yake bugawa da ƙasa in an kayar da shi. Akwai kuma wata iri, tsaf da ita ko'ina sai tabo uku ko huɗu masu zurfi, kowanne ɗauke da fentin wata ƙungiya. Na ce wannan fa? Ya ce ta sefti ce.

Wannan kalma ta daɗe tana ba ni mamaki, har yau ban gama da ita ba. A Kaduna in ka ce sefti, takalmi ne mai ƙarfe a baki wanda 'yan kamfani ke sawa. A kolejin Bloomsbury wata mata ce mai riƙe da allo, tana zagayawa ta ga ko mun tare ƙofar gudun gobara da bokiti. A fili kuma mutum ne, wanda ke tsayawa can bayan kowa, in mai ƙwallo ya wuce shi to babu sauran mai tarewa. Sannan idan aka kayar da mai ƙwallo a cikin gidansu, maki biyun da ake ba abokan karawa su ma sunansu ke nan. Na tambayi Mista Lennox yadda aka yi asara ta samu wannan suna, ya ce shekararsa talatin a harkar ba wanda ya taɓa tambayarsa, in je in wanke robobin haƙori. Wani ɗalibi ne daga baya ya ce mini wai a da, in an matse ƙungiya a bakin gidanta, takan zaɓi ta koma ciki da ƙwallon da kanta, ta ba da kaɗan don kada a ci ta da yawa. Ko haka ne ko ba haka ba, ni mutumin ne ya shafe ni. Daga nesa yake tasowa, yadi goma, sha biyar, a guje, ya haɗu da wani da shi ma a guje yake. Ba ya karo da yawa, amma kowanne nasa cikakke ne.

A shekara ta uku aka bar ni na fara sa hula, kuma ga yadda ake yi, ku saurara don zan tambaye ku. Mutum ya zauna a benci. A jiƙa gashinsa, saboda a fili da gumi zai sa ta, jiƙaƙƙen gashi kuwa kwanciya yake yi. A zagaya kai da tef. A zaɓi ƙoƙo, a sa, ramin kunne ya zo daidai da kunne. Sai a hura iska hular tana kansa, ba tana kan tebur ba, tsakiya tukuna, sannan ƙeya da gefe, har bakinta ya tsaya yatsa ɗaya sama da gira. A ɗaure haɓa. Ƙarshe ka kama ƙarafan fuska, ka ce ya ƙanƙame wuya, ka juya dama da hagu. In fatar goshi ta bi hular, ta zauna. In hular ta zame a kan fata, a sake daga farko. Minti ashirin ne ga kai ɗaya in an yi sa'a, kuma ƙungiya guda kai arba'in ce.

Razak ya zo mana yana ɗan shekara goma sha tara. Haifaffen zangon Kumasi ne, an kawo shi Landan yana da goma, don haka rabin maganarsa Hausa ce, rabi Turanci. Dogo, ba jiki, amma Allah ya ba shi ido: kafin mai jefa ƙwallo ya gama shawarar inda zai jefa, Razak ya riga ya kama hanya. Koci ya gan shi sau biyu ya ce ya samu sefti. Ni kuma abin da na gani gashi ne, tuli guda, an murɗe shi igiya-igiya har kafaɗa. Na jiƙa, na danna, na auna, na sake aunawa. Dole na ba shi babban ƙoƙo da iska kaɗan, gashin ya cike sauran. Na rubuta lamba ashirin da ɗaya a cikinta.

Lahadin da ta biyo, sai ga wata mata a ƙofar kwantena, farin mayafi, jaka a hammata. Mahaifiyarsa ce, Hajiya Fati, mai shagon kayan abinci a Old Kent Road. Ta ɗauki hula ɗaya daga kantar da nake jera su, ta ƙwanƙwasa ta da zobenta.

"Kai ne mai hula?"

"Ni ne, Hajiya."

"Malam Isa, yaro nan shi kaɗai Allah ya ba ni. Uba nashi ya rasu. Koci ya yi mini Turanci da yawa, ban kama komi ba. Kai ka faɗa mini da Hausa. Abu nan zai tsare kai nashi?"

Na ce, "Hajiya, za ta hana ƙoƙon kai fashewa. Ƙwaƙwalwa kuwa iyo take yi a ciki, babu hular da za ta hana ta girgiza gaba ɗaya. Abin da zan iya shi ne in sa ta zauna masa daram, ta rage abin da za ta rage."

Ta ce, "To, wannan na ji. Na ba ka amana kai nashi." Ta ajiye mini ƙullin gyaɗa a kan benci ta tafi.

Shekara uku ya buga, hular tana dawo mini da fentin ƙungiyoyin da ban san ko garinsu ba, bai taɓa kwanciya ba. A cikin shekarun nan ne gwiwoyin Mista Lennox suka ƙi, ya miƙa mini jakar da makullai ya koma wurin 'yarsa. Ƙungiya biyar suka dawo kaina ni kaɗai. Dokarsa ita ce kowane mako a duba kowace hula a kan mai ita. Ni kuwa na ga kai ɗari biyu da hannu biyu, sai tsohon mai facin da ke cikina ya farka, wanda ba ya neman direba kafin ya duba taya. Ranar Asabar, ba kowa a fili, sai in bi kantar huluna ina zura hannu a kowace hula ina danna jakar da babban yatsa. Wadda ta sace in sani, in ƙara mata. A awa ɗaya na gama abin da ke cin yini. Kuma yatsan bai taɓa yi mini ƙarya ba ko sau ɗaya. Har alfahari nake yi da shi.

Shekarar da nake kira mummuna ta fara da yoyon rufin kwantena, robobin kare kafaɗa talatin suka yi funfuna, na yi mako uku ina shanya a ƙasar da ba rana. Wannan duk ya wuce. Da azumi Hajiya Fati ta tafi Umara, ta ɗauki Razak ya raka ta. Suka dawo bayan Salla, ranar Alhamis. Juma'a bayan masallaci na je yi musu barka da dawowa a saman shagonta. Aka kawo dabino da zamzam, sai ga Razak ya fito daga ɗaki, kai fes yana ƙyalli, ko sili ɗaya babu. Na yi dariya har da hawaye. Na shafa kan da tafin hannuna na ce, "Alhaji ƙarami, ashe kana da kunnuwa!" Hajiya baki har kunne. Ta ce, "Shekara biyar ina faɗa, ba ya ji. Wanzami na Makka, minti biyu!" Muka yi addu'a Allah ya karɓi ibada, na dawo gida da ledar dabino.

Asabar na bi kantar huluna. Na zo kan lamba ashirin da ɗaya, na danna, iska daidai yadda na bar ta. Na wuce.

Lahadi, bayan hutun rabin lokaci, aka jefa doguwar ƙwallo ta tsakiya. Razak ya taso, mai kamawa ya taso, irin karon da ya yi sau ɗari. Sai dai na ga abin da ban taɓa gani a hular da ta fito daga hannuna ba: ta juya. Ƙarafan da ya kamata su kalli gaba suka koma wajen kunnensa, bakinta ya sauko ya fasa masa karan hanci, sannan ta fita fit ta yi gefe. Shi kuma ya sauka da ƙeya, ba komai a kansa sai 'yar siririyar hular gumi da suke sawa a ciki. Bai motsa ba. Da ya buɗe ido ya tambaya ko mun ci, aka ce ba a tashi ba tukuna. Kafin motar asibiti ta iso ya yi wannan tambayar sau huɗu.

Koci ya rubuta a takarda cewa maɗaurin haɓa ne ya ɓalle, abin da kan faru, kowa ya yarda. Ni na ɗauki hular na kai gida Barking, na shimfiɗa jarida a teburin kicin. Maɗaurin lafiya lau, maɓallansa huɗu suna kamawa ƙas. Jakar iska na nutsa ta a bahon wanka, ko kumfa ɗaya. Na ɗaga ƙoƙon a taga da safe, na ɗaga da rana, babu tsaga. Na buɗe littafin awo, girman da na rubuta shi ne a hannuna. Kwana huɗu ina juya ta, har matata ta ce in ɗauke mata kan mutum daga inda take yanka albasa. Ban taɓa ganin abu mai ɗaure kai irin wannan ba, lafiyayyar hula ta fita daga kai. In faɗi gaskiya, a kwanakin nan son sanin dalili ya kusa fin tausayinsa ƙarfi a raina, kuma ba na jin daɗin tuna hakan.

Ranar Alhamis na shiga shagon aski kusa da tasha, don na kwana biyu ban yi ba, furfura ta taru. Aka yi mini ƙwal-kwabo. Na tashi na ɗauki hulata, kube ce da nake sawa shekara da shekaru, na ɗora. Sai ta sauko har gira. Na juya in dubi madubi, kai ya juya, hula ta tsaya. Na koma kujerar na zauna. Mai askin ya tambaya ko ya yanke ni ne.

Abin da ya fi ci mini rai, ba rashin sani ba ne. Na sani. Da tafin hannuna na shafa kan nan. Amma askin Umara a wurina ibada ne, abin barka da addu'a da dabino, yana can wajen Juma'a. Hula kuma tana wajen Asabar, ban taɓa haɗa su a tunani ɗaya ba. Da Mista Lennox ne, wanda bai san Umara ba, saurayi kawai zai gani ya yi aski, ya ce zauna a benci. Shi kuma Razak ya ji ta yi sako-sako, ya ja maɗaurin iya ƙarfinsa, har ya ji daɗi wai yau hula ba ta matse shi ba.

Daga shagon aski ban koma gida ba, na kama hanyar Old Kent Road. Na samu Hajiya tana ƙulla gari a leda. Na ce, "Hajiya, ba maɗauri ba ne. Ni ne." Na yi mata bayani tun daga farko, kunya kamar in nutse. Ba ta daina ƙullin ba sai da na gama.

Ta ce, "Ni na kai shi wurin aski, ina murna. Kai ka shafa kai nashi, kana dariya. Mu biyu duka muna wurin." Ta ajiye ledar. "Allah ya riga ya rubuta. Amma shi yana sama. Hau ka faɗa mishi da baki naka. Ni ba zan ɗauka maka ba."

Na hau. Yana kwance, labule a rufe, don haske ciwo yake sa masa. Na faɗa masa. Ya ce, "It's okay, Baba. Ba komai." A lokacin yana tsammanin mako biyu zai yi ya tashi.

Mako bakwai ya yi. Ba ya iya kallon waya, yana salla ya manta raka'ar da yake. A tsakanin nan ƙungiyar ta lallaɓa ta kai wasan da in ta ci za ta hau babban rukuni, abin da Razak yake nema tun ranar da ya zo. Ana saura kwana uku sai ga shi a ƙofar kwantena da takardar likita a hannu, an ce ya warke. Koci yana can fili yana ta murna. Na ce Razak ya zauna a benci.

Ban taɓa sa hula da natsuwa irin ta ranar ba. Na jiƙa ɗan gashin da ya tsiro, na auna sau uku, na ɗauko ƙoƙon da ya fi na da ƙanƙanta. Na hura tsakiya, na hura ƙeya, na ɗaure haɓa. Na kama ƙarafan na juya dama, na juya hagu, fatar goshi ta bi. Aiki ya yi kyau. Amma fuskata tana dab da tasa, kuma ba goshi kaɗai nake gani ba. Idanunsa suka kasa tsayawa a kaina, suna rawa. Hannunsa ya lalubi bakin benci ya riƙe gam, ya haɗiyi wani abu da ƙyar.

Na ce, "Razak, me ka gaya wa likita?"

"Baba, I'm fine. Na yi passing komai. Ga takarda nan."

"Ba takarda na tambaya ba."

Can ya ce, "Ya tambaya ko kai na ciwo, na ce a'a. Kaɗan ne kawai. Da safe, in na tashi da sauri."

"Da kuma yanzu."

"One game, Baba. Wasa ɗaya. Bayan shi in ka ce in zauna shekara, zan zauna. Ba wanda ya gani sai kai."

Haka ne, ba wanda ya gani sai ni. Kuma duk wanda ya daɗe a wannan aiki an sha gaya masa abin da bugu na biyu kan yi in ya samu na farko bai warke ba. Wani ba ya tashi. Tsoro ya kama ni sosai, ga kuma nauyin cewa ni ne na kwantar da shi mako bakwai ɗin. Na ɓalle maɗaurin, na zare hular daga kansa. Na ɗauki sukundireba na kwance kusoshi huɗun da ke riƙe ƙarafan fuska, ɗaya bayan ɗaya, na zuba su a gwangwani. Hula ba ƙarafa ba ta shiga fili, shi ma ya sani.

Ya miƙe tsaye. "Kai ka jawo mini wannan. You did this. Kuma kai za ka hana ni?"

Na ce, "Ni na jawo. Kuma ni zan hana."

Na fita na samu koci a tsakiyar fili na gaya masa abin da na gani. Ya jefar da allonsa a ƙasa, ya ce ni likita ne? Na ce a'a, mai faci ne. Amma mutumin kirki ne, washegari ya mai da Razak asibiti da kansa, ya ce ya faɗi gaskiya. Aka hana shi wasan. Aka ci mu da doguwar ƙwallo ta tsakiya, daidai inda da shi ne zai tsaya. Bayan wata shida likitoci suka ba shi shawara ya bar wasan gaba ɗaya, ya bari yana da shekara ashirin da biyu.

Tun daga nan babu hular da nake dannawa a kan kantar ajiya. Shi ya sa kuke ganina a bakin get kowace Lahadi ina cewa kowa ya cire hular sanyi in ga kansa, kuna dariya wai Baba Isa ya zama sufeton aski. Ku yi ta yi. Wanda ya rage gashi, wanda ya kwance kitso, wanda ya dawo daga Makka, benci na jiransa, ko da alƙali ya riga ya sa usur a baki.

Razak direban bas ne yanzu. Hajiya ce ke ba ni labarinsa in na je sayen doya, shi kam bai sake neman inda nake ba. Bara na tare wata bas a Old Kent Road, ƙofa ta buɗe, sai ga shi a bayan gilashi. Na ɗora katina. Ya dube ni, ya gane ni sarai, ya ce, "Morning, sir," kamar yadda yake ce wa kowa. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Ban hau sama ba, na tsaya a inda nake hango shi. Titin ya cushe, ga masu keke, ga masu tsallakawa, mutum wajen sittin a bayansa. Yana juya kai dama, hagu, dama, da sauri, yana duba madubi, idanunsa a tsaye cak, hannunsa sakayau a kan sitiyari. Na wuce tashata da uku ina kallo. Da na sauka na zagayo ta gaba na ɗaga masa hannu. Bai ɗaga ba. Ya duba madubinsa, ya rufe ƙofa, ya ja motarsa.